Idan Fitilar Motar Ceto Ta Yi Ƙarya, Wa Ke Da Alhakin Gyara?

Daga ƙarshen shekarar 2017 zuwa cikin 2018, kamfanonin da ke haɗa motocin kashe gobara da na ɗaukar marasa lafiya a Amurka sun yi ta miƙa wa NHTSA, hukumar da ke kula da lafiyar motoci a ƙasar, takardu masu magana kusan iri ɗaya. Abin da ke ciki, a kallon farko, bai taka kara ya karya ba. Wasu fitilun birki ne ƙirar kamfanin Whelen, da aka ɗaura a bayan motocin, suke iya kamawa alhali direba bai taka birki ba, gwargwadon yadda aka yi wa motar wayarin. Ba wuta suke tayarwa ba, ba kuma fashewa suke yi ba. Duk da haka sai da aka yi wa motocin kiranye, aka yi alkawarin canza fitilun ba tare da an karɓi ko sisi daga masu motocin ba.

Duk wanda ya taɓa tuƙi a bayan babbar mota ya san dalili. Ba ka ganin gabanta, ba ka ganin direbanta, fitilun bayanta kaɗai ke yi maka magana. Motar kwana-kwana idan ta sha ruwa ta ɗauki kayan aiki tana haura tan 15, tana tafiya da sauri, tana kuma iya tsayawa a inda ba a saba tsayawa ba. Idan fitilar birkinta tana kunne tun kafin a taka birki, to lokacin da aka taka shi da gaske babu abin da zai canza a idon na baya. Shi ke nan sai karo.

Tsarin da ya sa kamfani ke fitowa da bakinsa ya ce kayana na da aibu ba daga kyawun hali ya samo asali ba. A 1965 lauyan nan Ralph Nader ya fitar da littafinsa Unsafe at Any Speed, inda ya zargi masu ƙera motoci da fifita ado da riba a kan rayukan mutane. Surutun da ya biyo baya ya kai majalisa, kuma a watan Satumba na 1966 Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a kan dokar lafiyar motoci ta ƙasa. An kafa NHTSA a 1970, sannan a 1974 aka ƙara sharaɗin da ya ba dokar haƙora, wato dole gyaran ya zama kyauta. Yau idan kamfani ya tabbatar da cewa motarsa ko wani kayan mota da ya ƙera na da aibun da ya shafi lafiyar jama'a, kwanaki 5 na aiki gare shi ya sanar da hukuma, kuma cikin kwanaki 60 wasiƙa ta tafi ga masu kayan. Wanda ya yi jinkiri ko ya ɓoye, tara na jiransa, kuma a 2015 majalisa ta ɗaga iyakar tarar daga dala miliyan 35 zuwa miliyan 105. Shi ya sa mafi yawan kiranyen da ake yi kamfanonin ne ke fara shi da kansu. Sun san idan hukuma ta riga su gano abin, tsadar ta fi haka.

Ƙofa biyu ce ke kai kaya ga kiranye. Ta farko, kayan ya saɓa wa wani rubutaccen ma'auni na gwamnatin tarayya. Ta biyu, ko da babu ma'aunin da ya yi magana a kansa, a gano yana da aibun da ke jefa mutane cikin haɗarin da hankali ba zai lamunta ba. Ƙofar farko shigarta da sauƙi, domin na'ura ce ke yanke hukunci: a kai fitila ɗakin gwaji, a auna haskenta, ko ta cika ko ba ta cika ba. Ta biyu kuwa ta gardama ce, sai an tara ƙorafe-ƙorafe da rahotannin haɗari, injiniyoyi da lauyoyi sun yi ta kai-kawo, wani lokaci har tsawon shekaru.

A nan ne fitilun motocin ceto suka rabu gida biyu, kuma wannan rabuwar ita ce mutane da yawa ba su lura da ita ba. Ma'auni mai lamba 108 na gwamnatin tarayya shi ke hukunta fitilun da kowace mota dole ta mallaka: na gaba, na baya, na birki, tirafiketa, da na ribas. Ya faɗi launinsu, ya faɗi mafi ƙarancin haskensu, ya kuma faɗi iyakar da ba za su wuce ba. Fitilun Whelen ɗin can ta ƙofar farko suka shiga. Haka nan an taɓa yi wa motocin ceto kiranye don fitilun bayansu na LED sun fi ƙarfin da ma'aunin ya yarda, har suna iya dallare idon mai bin su. Amma ja da shuɗin nan masu walƙiya a kan rufi, waɗanda da su ne ake gane motar ceto tun daga nesa, ma'auni na 108 bai tsara musu ƙarfi ko salon walƙiya ba. Iyakar abin da ya ce shi ne kada wata fitilar ƙari ta rage amfanin fitilun da doka ta wajabta. Sauran an bar wa jihohi, kuma kowace jiha da nata tsari. A Niyok, alal misali, ɗan sa-kai mai kashe gobara shuɗiyar fitila yake sa wa motarsa ta gida, ɗan sa-kan motar asibiti kuma kore, alhali a wasu jihohin shuɗi na 'yan sanda ne su kaɗai.

Ba wai babu ma'auni ko kaɗan ba. Ƙungiyar injiniyoyin motoci ta SAE tana da nata, J595 da J845, masu bayanin irin hasken da fitilar gargaɗi ya kamata ta bayar. Ƙungiyar NFPA ta masu yaƙi da gobara tana da 1901 na motocin kwana-kwana da 1917 na motocin asibiti, waɗanda aka haɗe su cikin kundi ɗaya mai lamba 1900 a bugun 2024. Akwai kuma tsohuwar ƙa'idar KKK-A-1822 da gwamnatin tarayya ta fitar a 1974 don motocin asibitin da take saya, jihohi da dama suka ara. Sai dai duk waɗannan ba su zama dole ba sai wata jiha ta sa su cikin dokarta, ko mai saye ya rubuta su cikin kwangila. Ga kuma wani abu: a Amurka hukuma ba ta gwada kaya kafin ya shiga kasuwa. Kamfani ne ke shaida wa kansa cewa ya cika sharaɗi, hukuma ta zo daga baya ta tsinci samfuri ta auna. Turai ba haka take yi ba. A ƙasashe da dama na can fitilar gargaɗi sai an gwada ta an amince da ita a ƙarƙashin ƙa'ida ta 65 ta Majalisar Ɗinkin Duniya, a buga mata alamar E, kafin ta hau rufin mota. A ganina tsarin Turai ya fi dacewa da wannan kayan, domin fitilar gargaɗi aba ce da ba a sanin ta gaza sai ranar da ake matuƙar buƙatarta.

Yadda fitilun ke lalacewa ya canza da zamani. Lokacin da Federal Signal ya fito da fitilarsa mai juyawa ta Beacon Ray a 1948, ƙwai ne da madubi da ɗan ƙaramin inji. Idan ƙwai ya ƙone kowa ya gani, a canza shi. Fitilar LED ta yau kuwa kusan ƙaramar kwamfuta ce, da allon lantarki a cikinta, wani lokaci har da manhaja, tana karɓar umarni daga wata na'ura da ke sarrafa fitilu da jiniya baki ɗaya. Ta fi daɗewa, ta fi haske, ba ta shan baturi kamar ta da. Amma rashin shan wutar nan shi ma yana da nasa sharri, don 'yar wutar da ta ɓalle cikin waya, wadda ba za ta ko ɗumama tsohon ƙwai ba, tana iya isa ta rikita allon LED. Ruwa na iya shiga ta inda roba ta saki ya ci allon. Zafi na iya kashe rabin jerin fitilun ya bar rabi, direba yana ciki bai sani ba. Na'urar da ke sa manyan fitilun gaba su riƙa ƙyaftawa bi da bi, idan ta samu tangarɗa, tana iya ɗauke hasken gaba ɗungurungum a tsakiyar dare. Ƙarfen da ke riƙe da jerin fitilun rufi ma idan ya tsage, to abu mai nauyi ne zai faɗo kan titi a gaban motocin da ke biye.

To idan aka gano irin wannan, wa za a kira? Motar gida kamfani ɗaya ne ke haɗa ta daga farko har ƙarshe, ya buga mata lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17, jiha ta yi mata rajista da sunan mai ita da adireshinsa. Tun watan Agusta na 2014 kowa na iya shiga shafin NHTSA ya rubuta wannan lamba ya ga ko akwai kiranyen da ba a gyara ba. Motar ceto ba ta da uba ɗaya. Shasi da inji na iya fitowa daga Ford ko Freightliner. Bodin kuma wani kamfani ne zai gina shi, irin su Pierce da ke jihar Wisconsin, ko E-ONE da ke Florida, ko Braun da ke Ohio. Fitilun daga Whelen na Connecticut, ko Federal Signal na Illinois, ko Code 3 na Missouri, ko SoundOff Signal na Michigan. Doka ta yi ƙoƙarin ɗaure wannan: idan kaya ɗaya ya shiga motocin kamfanoni biyu ko fiye tun daga masana'anta, to mai kayan zai kai rahotonsa, kowane mai haɗa mota ma ya kai nasa. Wannan ne ya sa aibu guda ke haifar da takardu rututu, ɗaya mai harafin E a lambarta don kayan, sauran masu harafin V don motocin. Tsarin yana da yawan takarda, amma yana aiki, saboda mai gina bodi ya san wa ya sayar wa mota.

Inda igiyar ke tsinkewa shi ne fitilar da aka ɗaura bayan mota ta bar masana'anta, kuma yawancin motocin 'yan sanda haka ake yi musu. Sashen 'yan sanda zai sayi mota daga dila, ya kai ta wani gareji mai zaman kansa, ko garejin ƙaramar hukuma, a ɗaura mata fitilu da jiniya da rediyo. Mai ƙera fitilar dillali ya sani, dillali ya san gareji, gareji kuma wataƙila ya ajiye rasit, wataƙila bai ajiye ba. Babu wata rajistar gwamnati da ta haɗa wannan fitila da waccan mota. Kujerar jarirai ta mota tana zuwa da katin da iyaye ke cikewa su aika don a same su idan an yi kiranye. Taya ma tana da tsarin rajista. Fitilar gargaɗi ba ta da irin wannan tilas. Saboda haka jami'i na iya rubuta lambar shasin motarsa a shafin hukuma, a ce masa babu komai, alhali fitilar da ke kan rufinsa tana cikin waɗanda aka janye. Ga shi kuma fitilun ba sa mutuwa tare da mota. Idan mota ta tsufa sai a kwance su a mayar kan sabuwa, ko a yi gwanjonsu, su bi hannu uku ko huɗu kafin su huta.

Ƙara da yawan masu kayan. Amurka tana da hukumomin 'yan sanda kusan 18,000, da sassan kashe gobara kusan 30,000, kuma kusan kashi biyu cikin uku na masu kashe gobarar 'yan sa-kai ne. Babban birni kamar Shikago yana da ma'aikatan da aikinsu shi ne kula da motoci da takardunsu. Ƙaramin sashe a ƙauye kuwa, shugabansa na iya zama manomi ko malamin makaranta da ke leƙa akwatin wasiƙun tashar idan ya samu sarari. Irin waɗannan sassan su ne kuma ke sayen tsofaffin motoci daga manyan birane. Doka ta iyakance gyaran kyauta ga kayan da bai wuce shekara 15 da sayensa na farko ba, alhali shawarar NFPA ita ce motar kwana-kwana ta yi shekara 15 a sahun gaba, ta koma ajiya, a sallame ta idan ta kai 25. Ke nan akwai shekaru 10 cur da mota ke iya fita aiki ba tare da wannan kariya ba, kuma a hannun waɗanda suka fi kowa ƙarancin kuɗi.

Akwai wani lamari da ya fi duk waɗannan nuna iyakar kiranye, kuma fitilun ma lafiyarsu ƙalau. A watan Yuli na 2017 birnin Austin na jihar Texas ya ajiye motocin 'yan sanda ƙirar Ford Explorer kusan 400, bayan jami'ai sun yi ta kukan ciwon kai da jiri, aka kuma samu alamun iskar kabon monoksayid, gubar da ke cikin hayaƙin salansa, a jikin wasunsu. Ford ya ce ramukan da masu ɗaura kaya suka huda a bayan motocin don ratsa wayoyin fitilu da rediyo, ba su toshe su da kyau ba, ta nan hayaƙi ke shiga. Ya ɗauki nauyin gyaran motocin 'yan sandan, amma bai kira shi kiranye ba. NHTSA, wadda ta fara bincike tun 2016 har ya shafi motoci kusan miliyan ɗaya da rabi, ta rufe shi a watan Janairu na 2023 ba tare da ta umarci kiranye ba, tana mai ɗora mafi munin abin da ta auna a kan aikin masu ɗaura kaya da kuma gyaran da aka yi wa motocin da aka daka ta baya. Ba kowa ya gamsu da wannan hukunci ba. Amma ko an yarda da shi ko ba a yarda ba, darasin a fili yake: mota ta cika sharaɗi, fitila ta cika sharaɗi, hannun da ya haɗa su ne ya bar kafa, kuma doka ba ta da hanyar yi wa aikin hannun dubban garejoji kiranye.

Haka batun dallare ido yake. Kasuwa ta daɗe tana gasar wa ya fi haske, mai saye kuma yana ganin ƙarin haske ƙarin tsaro ne. Da rana hakan na da gaskiya. Da dare kuwa, motoci biyar ko shida su tsaya a wurin haɗari kowace tana walƙiya da salonta, direban da ke tahowa zai hango fitilun tun daga nesa amma ba zai ga ma'aikacin da ke tsaye kusa da su ba. Na'urorin zamani suna iya rage haske da dare, su kuma daidaita walƙiyar motoci ta tafi tare, sai dai fa idan wanda ya saita su ya kunna wannan tsari. Fitilar da aka bari da ƙarfin rana cikin dare ba ta da aibu a idon doka, don haka ba za a taɓa janye ta ba. Dukkan jihohi 50 suna da dokar da ta wajabta wa direba ya kauce ko ya rage gudu idan ya ga motar ceto a tsaye, tun daga South Carolina a 1996 har zuwa Hawaii a 2012, kuma dokar gaba ɗayanta ta dogara ne ga direba ya ga fitila ya kuma fahimci abin da take nufi.

Kwatanta wannan da abin da ya faru da Tesla. A watan Agusta na 2021 NHTSA ta buɗe bincike kan haɗura 11 da motocin kamfanin, suna kan tsarin taimakon tuƙi na Autopilot, suka afka wa wuraren da motocin ceto ke tsaye, galibi da dare. A watan Disamba na 2023 aka yi wa motoci kusan miliyan 2 kiranye, gyaran kuma manhaja ce aka tura musu ta intanet suna ajiye a ƙofar gidajen masu su. Ko gyaran ya wadatar wannan wata muhawara ce daban. Abin lura shi ne Tesla ya san inda kowace motarsa take. Mai ƙera fitilar da motar ta daka kuwa, sau da yawa bai san ko a wace jiha fitilarsa take ba.

Wannan magana ta shafe mu a Najeriya ta hanya ɗaya tabbatacciya, wato tsofaffin motoci. Dokar Amurka ta hana dila sayar da sabuwar mota mai kiranyen da ba a gyara ba, tun 2016 kuma ta hana manyan kamfanonin haya bayar da irinta, amma ba ta hana sayar da tsohuwa ba. Daga can ake loda tokumbo zuwa tashoshin Legas da Kwatano, kuma cikin abin da ke shigowa akwai motocin asibiti da na kashe gobara, wasu saye, wasu gudummawa. Wasiƙar kiranye adireshin rajistar Amurka take bi, ba ta tsallako teku. Sauran motocin asibitin namu kuma da yawansu bas ne ƙirar Hiace da aka mayar, mai wayarin ya huda rufi ya ɗaura fitila da jiniyar da aka sayo a kasuwa, sau da yawa babu sunan kamfani a jikinta balle lamba. Dokar kare masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta tanadi janye kaya masu haɗari, kuma jama'a sun saba jin NAFDAC ta janye magani ko abinci. Amma kayan da ba a san maƙerinsa ba, ba a kuma rubuta inda aka ɗaura shi ba, babu dokar da za ta iya kiran sa.

Ra'ayina shi ne kiranye abu ne mai kyau, kuma kamfanin da ya fito ya amsa aibun fitilarsa ya fi wanda ba a taɓa jin ɗuriyarsa ba aminci. Sai dai an gina tsarin ne don motar gida mai maƙeri ɗaya da adireshi ɗaya, motar ceto kuma ba ta shiga wannan awo ba. Giɓin da ya rage mai motar ne kaɗai ke iya cike shi. Don haka ina kira ga duk asibiti, ko hukumar kashe gobara, ko ƙungiyar agaji da ke da irin waɗannan motoci, su buɗe kundi su rubuta sunan maƙerin kowace fitila da lambarta da motar da take kai da wanda ya ɗaura ta. Idan motar daga Amurka ta zo, a duba lambar shasinta a shafin NHTSA, a kuma nemi sunan kamfanin fitilun daban, duka kyauta ne. A duba ramukan da aka huda ko an toshe su. Sannan kowace safiya, kafin mota ta fita, mutum ɗaya ya zauna a kujerar direba ya taka birki ya saki, wani ya tsaya a baya ya tabbatar fitilar ta kama ta kuma mutu a lokacin da ya kamata.